Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabanni Da Kansilolin Ƙananan Hukumomin Jihar Bauchi Kan Sanya Wa Tituna Suna

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranku ya daɗe, masu girma shugabanni da kansiloli. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taya ku riƙon amanar da jama'a suka ɗora muku.

Ni tsohon malamin firamare ne mai ritaya. Ina zaune a ɗaya daga cikin unguwannin da suka tsiro a bayan ganuwar Bauchi, wuraren da shekara ashirin baya gonakin dawa da gyaɗa ne. Maƙwabtana ne suka ɗora mini rubuta wannan takarda, bayan mun zauna a ƙofar masallaci har sau uku bayan la'asar. A cikinmu akwai magidanta da 'yan Keke Napep da masu shaguna, kuma matan da ke sana'a a cikin gida sun aiko da nasu ƙorafin ta bakin 'ya'yansu. Na haɗa ku gaba ɗaya, ku ashirin, domin duk garin da gonakinsa ke komawa filaye, ko Azare ne ko Misau ko Ningi, abin da ya same mu yana nan tafe gare shi, in ma bai riga ya isa ba.

Ga abin da ya tayar da maganar. Layinmu tun farko Layin Tsamiya ake ce masa. Ba wanda ya raɗa masa, tsamiyar ce a bakin layin, a ƙarƙashinta magina suke hutawa lokacin da ake aza harsashin gidajenmu, a nan wata baiwar Allah take kawo musu ɗanwake da rana. A daminar bara, wata Asabar, sai ga wasu samari da buhun siminti da allon ƙarfe mai koren fenti. Suka haƙa rami, suka kafa, suka tafi. A jikin allon sunan wani Alhaji ne da bai daɗe da kammala benensa a layin ba. Mai unguwa yana dawowa daga jana'iza ya ga allon, kamar yadda kowa ya gani. Da aka tambayi samarin wa ya aiko su, suka ce daga sama ne. Bayan wata huɗu, a ɗaya ƙarshen layin, wani magidancin ya kafa nasa allon da sunan marigayi mahaifinsa, yana cewa ai shi ya fara sayen fili a wurin. Yau layi ɗaya, gidaje ba su kai hamsin ba, suna uku. Masu gidajen biyu sun daina gaisawa, yaransu kuma suna kankare wa juna fenti da dare.

Ba mu zo kawo ƙarar Alhajin nan ba, ba kuma na biyun ba. Sun tarar da fili babu mai shi ne, suka shiga. Mai shi kuwa ku ne. Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, inda aka jera ayyukan ƙaramar hukuma, sakin layi na 1(g), ya ambaci sanya wa hanyoyi da tituna suna da sanya wa gidaje lamba. A wannan jeri ɗin ne aka sa muku gina tituna da magudanan ruwa, da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Ba na gwamna ba ne, ba na mai kuɗin unguwa ba ne, naku ne. Tun ranar 11 ga Yulin 2024 da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ake ta maganar abin da ya kamata ya shigo hannunku. To wannan aikin ya daɗe a hannunku, kuma yana cikin masu arha. Idan akwai rubutacciyar ƙa'idar da kuke bi wajen sanya suna ko sauya shi, ba ta iso gare mu ba, ba ta iso ga mai unguwarmu ba.

Na san dalilin da ya sa aka daɗe ana ganin abin kamar ba dole ba. Lokacin da nake koyarwa, wasiƙun rabin unguwa ta akwatin gidan waya na makarantarmu suke zuwa. Hedimasta ya kwaso su ranar Litinin, a kira yara a asambuli, kowa ya kai wa babansa ko maƙwabcinsa. Baƙo kuma in ya sauka a tasha, sunan mutum da sana'arsa kawai zai faɗa, a sa yaro ya raka shi har zaure. Gari ne da kowa ya san kowa. Bauchi ta zama babban birnin jiha a 1976, kuma tun daga lokacin take cika tana batsewa ta hanyar Jos da ta Dass da ta Ningi da ta Gombe da ta Maiduguri. A layinmu kaɗai akwai ɗan Tafawa Ɓalewa, akwai ɗan Katagum, akwai Bayerabe mai gyaran firji, akwai 'yan haya da ke sauyawa duk shekara. Yaron da za a sa ya raka baƙo shi kansa bai san mai gida na biyar ba.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne gobarar da aka yi a lokacin hunturun da ya wuce. Wajen ƙarfe ɗaya na dare wuta ta kama ɗakin girki a gidan wata bazawara mai 'ya'ya biyar. Ni na riƙe waya ina kwatance. Na faɗi Layin Tsamiya, direban bai san shi ba. Na faɗi sunan da ke allon farko, ya ce akwai wani layi mai irin wannan suna a wata unguwar daban, can ya nufa. Daga ƙarshe sai na koma irin kwatancenmu na kullum: ka wuce gidan mai, ka bar transifoma ta farko, a ta biyu ka yi hagu, za ka ga masallaci mai shuɗin ƙofa. Da dare, babu wuta, wa zai ga shuɗin ƙofa? Sai da muka tura samari biyu a kan babur suka taro motar a bakin kwalta. Kafin ta iso, maƙwabta sun ci ƙarfin wutar da bokitai, amma ɗaki biyu sun tafi, har da keken ɗinkin da matar ke ci da marayu da shi. Ban ga laifin direban ba ko kaɗan. Ba a ba shi taswirar da za ta kai shi ba, mu kuma ba mu da adireshin da za mu ba shi. Irin wannan kwatancen muke yi wa mai Keke in naƙuda ta kama mace da tsakar dare, shi muke yi wa 'yan sanda in ɓarayi sun hauro.

Sai maganar takardu, wadda ba ta da hayaniya amma tana cin mutane a hankali. 'Yata ta je buɗe asusu a wani banki domin kuɗin sana'arta. Ta rubuta Layin Tsamiya, kamar yadda yake a katinta na NIN. Takardar kuɗin wutar da ta haɗa da ita kuma lambar fili ce kawai da sunan unguwa. Ma'aikacin da aka turo ya tabbatar da adireshi ya zo ya tarar da allo mai wani suna, ya juya ya rubuta cewa bai ga gidan ba. Sati uku tana zarya kafin a warware. Takardar filina na ɗauke da lambar da masu awo suka sa, katin zaɓena na ɗauke da wani abu daban. Mu da muka yi boko muna iya zuwa mu yi bayani. Dattijon da bai iya karatu ba, in aka ce masa adireshinsa bai dace ba, gida yake komawa ya haƙura. Matan layinmu masu sayar da turaren wuta da humra da atamfa ta WhatsApp su ma sun ce in faɗa muku rabin ribarsu a katin waya take ƙarewa, suna yi wa mai kawo saƙo kwatance, wani lokaci har ya gaji ya mayar da kayan.

Ku ma kuna asara, ranku ya daɗe. Jadawalin nan da na ambata ya ba ku aikin tantance gidaje domin harajin da majalisar jiha ta ƙayyade. Gidan da ba shi da lamba, a layin da ke da suna uku, ta yaya za a rubuta shi a littafi, a san ya biya ko bai biya ba?

Yanzu bari in zo kan sauya suna, domin nan ne zuciya ta fi tafasa. Tsofaffin sunayen garin nan karatu ne ga mai son ya karanta. Ƙofar Wunti, Ƙofar Ran, Ƙofar Wambai, Ƙofar Nassarawa, Ƙofar Inkil, kowace tana nuna inda ganuwa ta bi ko da ƙasar ta zube. Inkil ɗin nan a can Malam Yakubu, mai tutar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya zauna kafin ya kafa garin Bauchi a 1809. Karofin Madaki na gaya maka a nan marina suke. Titin 'Yandoka na tuna mana 'yan dokan zamanin En'e, da yawancin matasan yau ba su san an yi su ba. Bakin Kura, Tashan Babiye, Kobi, Jahun, Gwallaga, babu wanda aka saya da kuɗi a cikinsu, bakin jama'a ne ya raɗa, shi ya sa suka zauna. Sunan garin kansa, kamar yadda kakanni suke ba da labari, daga wani maharbi ne, Baushe, wanda Malam Yakubu ya tarar a wurin. Turawan farko sun yi ta rubuta Yakoba a taswirorinsu, amma sunan maharbin ne ya rayu. Ina koya wa 'yan aji biyar wannan labarin shekara da shekaru, kuma ban taɓa ganin ajin da bai yi tsit ba in aka zo wurin.

Ba muna ƙin a karrama mutane ba ne. Wa zai yi jayayya da sunan Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa a filin wasa da jami'a da filin jirgin sama, alhali kabarinsa na nan cikin gari? Wa zai ce Malam Sa'adu Zungur, wanda ya rasu tun 1958, bai cancanci a tuna da shi ba, ko Sarki Adamu Jumba, ko Abubakar Tatari Ali, gwamnan farar hula na farko daga 1979 zuwa 1983, ko Abdulƙadir Ahmed da ya riƙe Babban Bankin Najeriya daga 1982 zuwa 1993? Waɗannan an gama ganin aikinsu, littafinsu ya rufe. Matsalar tana ga mai rai, musamman mai riƙe da kujera ko mai riƙe da aljihu. A Legas an taɓa mayar da babban titin Broad ya koma titin Yakubu Gowon yana kan mulki, da aka hamɓarar da shi a 1975 aka sauke allon aka mayar da tsohon suna. Wani titin kuma a can Legas ɗin, Eleke, inda ofishin jakadancin Amurka yake, gwamnatin Abacha ta mayar da shi titin Louis Farrakhan, wani Ba'amurke mai sukar gwamnatin ƙasarsa, don ramuwar gayya, bayan da birnin Niyok ya sa sunan Kudirat Abiola, matar Moshood Abiola da aka kashe tana adawa da mulkin Abacha, a kusurwar da ofishin Najeriya yake. Da mulki ya sauya sai aka sake mayar da shi titin Walter Carrington, tsohon jakadan Amurka. Suna uku a titi ɗaya cikin 'yan shekaru, kamar dai layinmu, sai dai su da hatimin gwamnati. Duk sauyin da aka yi, mazauna wurin ne suke sake buga takardu da allunan shaguna da kuɗinsu. Haka a 2012 Shugaba Jonathan ya sanar a jawabinsa na 29 ga Mayu cewa Jami'ar Legas ta koma Jami'ar Moshood Abiola. Ɗalibai suka fito kan titi, aka je kotu, har yau Jami'ar Legas take. Ba Abiola aka ƙi ba, rashin shawara aka ƙi.

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

Kowace majalisar ƙaramar hukuma ta zauna ta yi dokar sanya suna da sauya suna, a rubuce, da Hausa da Turanci, a liƙa a sakatariya da fadar hakimi, a karanta a rediyo. Dokar ta faɗi wanda ke da ikon kawo buƙata, da teburin da za a kai ta, da kwanakin da za ta ɗauka. In akwai kuɗin da ake biya, a rubuta adadinsa a fili, a ba da rasit, kuma a bayyana cewa kuɗin na aikin allo da rajista ne, biyansa ba ya nufin an sayi titin. Kada suna ya tabbata sai da ƙuri'ar kansiloli a zaman majalisa, a shigar da shi cikin bayanan zaman, ta yadda in an tambaya ba za a sake ce mana daga sama ne ba.

Kafin ƙuri'ar, a tambaye mu. A aiko wa mai unguwa takarda, a liƙa sanarwa a bakin layin, a faɗa a masallaci da coci, a ba da ko da wata ɗaya ne domin mai magana ya yi magana. A nemi amincewar mafi rinjayen magidantan da ke zaune a layin, har da 'yan haya, domin su ma adireshinsu ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mun fi kowa sanin sunan da ɗan acaɓa zai gane in an faɗa masa.

Muna roƙon a hana sa sunan mai rai, ko aƙalla mai riƙe da muƙami da iyalinsa. Wanda ya rasu ma a jira 'yan shekaru, zafin rashi ya huce, sannan a duba. Wannan kariya ce gare ku ku kanku: in babban mutum ya aiko yana so, sai ku nuna masa doka, ba sai kun ɓata da shi ba. In kuma za a karrama, a tuna da waɗanda ba su da mai yi musu kamun ƙafa. A unguwarmu akwai ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin samarin da ke kankare fentin nan, ta rasu ba a ko ambace ta ba. Akwai malaman allo da na boko da suka ƙare rayuwarsu a kan tabarma da gaban allo. Ku zagaya gari ku ƙirga allunan da ke ɗauke da sunan mace, ba za ku gaji da ƙirga ba.

Tsofaffin sunayen cikin ganuwa da na ƙofofi kuwa, a rubuta su a jeri na musamman tare da shawarar masarauta, a ce waɗannan ba a taɓa su. Mai son a karrama wani, ga sababbin layuka nan ɗaruruwa a bayan gari da ba su da suna ko ɗaya. Inda kuma jama'a suka riga suka raɗa wa layi suna mai ma'ana, kamar namu, a tabbatar da shi kawai. In sauyi ya zama dole, a bar tsohon suna a ƙasan sabo a jikin allo na tsawon shekaru, kuma hukuma ta ba mazauna takardar shaidar sauyin kyauta, wadda za su nuna a banki ko kotu.

A buɗe rajista guda a kowace ƙaramar hukuma, littafi da kwamfuta, mai ɗauke da kowane titi, inda ya fara da inda ya ƙare, da ranar da aka sa masa suna, kada a maimaita suna ɗaya a wuri biyu a gari ɗaya. Duk sunan da ya shiga rajista a aika wa hukumar kashe gobara, da 'yan sanda, da asibitoci, da hukumar gidan waya ta NIPOST, da kamfanin wuta, da hukumar zaɓe, da ofishin filaye na jiha, tun da Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, can ake zana unguwanni ana fitar da lambobin filaye. In masu zane da masu raɗa suna ba sa magana da juna, haka za mu ci gaba da yawo da takardu masu saɓa wa juna. Matasanmu masu ilimin kwamfuta sun ce in aka ba su jerin da hukuma ta amince da shi, za su taimaka a shigar da shi taswirar Google ba tare da an biya su ba.

Sai lambar gida, wadda ba ta buƙatar kwangila. Gwangwanin fenti ne da buroshi da mutum biyu masu littafi: mara a hannun dama, cika a hannun hagu, a bar gurbi ga filayen da ba a gina ba tukuna. Mu a layinmu mun yarda za mu sayi fentin. Abin da ba za mu iya yi da kanmu ba shi ne mu sa lambar ta zama ta hukuma.

Wata ƙaramar buƙata daga tsohon malami: mai rubuta allo ya rubuta Hausa daidai. Ƙofa da ƙugiya take, haka Ɓalewa, haka 'Yandoka da alamarta. Yaro yana koyon rubutu a aji, ya fito ya ga allon hukuma ya saɓa wa malaminsa, wa zai gaskata?

Allunan nan biyu suna nan tsaye a layinmu har yau da nake rubutu. Mun hana samari tumɓuke su, domin ba ma son abin ya zama rigima tsakanin maƙwabta, kuma ba mu da hurumin yanke hukunci. Mun tattara sa hannun magidanta da 'yan haya a kan sunan Layin Tsamiya, mai unguwa ya sa nasa, za mu kai wa kansilan mazaɓarmu tare da kwafin wannan wasiƙa. Muna roƙon a sa maganar a zaman majalisa na gaba, a kuma sanar da mu ranar, domin muna so mu zo mu zauna a baya mu saurara.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku,
Wani malamin firamare mai ritaya,
a madadin mazauna Layin Tsamiya, bayan ganuwar Bauchi.